Baƙin da ke lulluɓe ganye: Capnodiales ɗin nan guda nawa ne?

Hauwa'u B.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin naman gwari ku zo ku fitar da ni daga duhu, kaina ya ɗaure tun shekaranjiya.

Aikin kammala karatuna a kan baƙar funfunar nan ne da ke lulluɓe ganyen bishiya kamar an shafa masa kunkunniya. Na tsinko ganye 12 daga bishiyar lemo guda. Samansu baƙi ƙirin, ƙasansu kuma cike da wasu ƙwari farare masu kama da auduga, ga tururuwa tana ta zirga-zirga a tsakaninsu. Da na sa farce, baƙin ya ɓamɓaro kamar ɓawon tsohon fenti, ganyen da ke ƙasa kore shar, ko tabo babu.

Littafin da nake karantawa bugun 2008 ne. A cikinsa, rukunin Capnodiales ya haɗa Capnodium da Cladosporium da Mycosphaerella duk a wuri guda. Na shiga intanet don in tabbatar da rubutun sunayen, sai na tarar an ce Cladosporium yana Cladosporiales, Mycosphaerella kuma yana Mycosphaerellales. To wanne zan rubuta?

Na biyu. Na shuka abin a farantan renon naman gwari guda 12, guda 9 sun fito da wani abu mai laushi kamar karammiski, launinsa tsakanin kore da baƙi, ƙwayoyin irinsa a jere kamar sarƙa mai rassa. Cladosporium ke nan a iya fahimtata. Shi ne ke nan ya baƙanta ganyen?

Na uku, kuma kada a yi mini dariya. Ana ta cewa naman gwari masu jaka, naman gwari masu jaka. Ni mako uku ke nan idona yana kan madubin awo, ban ga jaka ko ɗaya ba.

Baba Malam

Wa alaikumus salam. 'Yata, babu mai yi miki dariya. Ni na yi wata huɗu cur ina neman jakar nan kafin in gan ta da idona, kuma a lokacin ina ganin kaina wani ne. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin in an gane ta, sauran za su zo da sauƙi.

Jakar ita ce askas, ƙwayar halitta guda mai siffar ɗan buhu, wadda ake haifar ƙwayoyin iri a cikinta bayan an yi barbara, galibi guda 8. Ita ta ba wa Ascomycota, wato naman gwari masu jaka, sunansu. Amma ba kullum suke yin ta ba. Yawancin rayuwarsu suna yaɗuwa ne da ƙwayoyin da ba su buƙatar barbara, irin sarƙoƙin nan da kika gani. Wasu ma har yau ba a taɓa ganin jakarsu ba. Cladosporium a faranti da wuya ya nuna miki ita, ko da za ki shekara kina kallo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda jakar waɗannan baƙaƙen take. Bango biyu gare ta. Na waje mai tauri ne, ba ya miƙewa. Na ciki kuwa kamar roba yake. Ki ɗauka tayar keke ce da tub a cikinta. In jakar ta nuna ta sha ruwa, sai na wajen ya tsage daga sama, na cikin ya bulluƙo ya yi tsawo, wani lokaci ninki biyu ko fiye, sannan ya riƙa harbo ƙwayoyin iri ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara ganin haka a ƙarƙashin madubi, na ɗiga ruwa a gefen gilashi ne kawai, sai ga abu ya zabura. Na tashi na kira duk wanda ke ɗakin. Kafin su iso an gama.

Ban da wannan, ba sa gina wa jakunkunan ɗaki na musamman tun farko. Zaruruwan jikin naman gwarin ne ke dunƙulewa su yi curi, sai rami ya buɗe a cikin curin, jakunkunan su tsiro a ramin. A kan waɗannan alamomi biyu wani masani Ba'amurke, Luttrell, ya tara su a rukuni guda a 1955, ya kira su Loculoascomycetes. Da wannan suna aka koyar da mu.

Yanzu batun suna. Ki lura da wutsiyar kalma, ita ke nuna matakin rukunin, daga babba zuwa ƙarami: in ta ƙare da -mycetes, aji ne, -ales oda ce, -aceae iyali ne. Capnodiales oda ce a cikin ajin Dothideomycetes, wanda ya fi kowane aji na masu jaka girma. Wani Barashe mai suna Woronichin ne ya kafa odar a 1925, kuma abin da yake nufi shi ne baƙar funfunar kan ganye, irin taki. Sunan jinsin Capnodium ma daga kalmar hayaƙi ta Girkanci aka samo shi, Montagne ne ya raɗa shi a 1849.

Da aka zurfafa a karanta DNA, wato sinadarin gadon halitta, tsakanin 2006 da 2009, sai aka ga Mycosphaerella da Cladosporium da wasu baƙaƙe masu zama a jikin dutse suna faɗawa kusa da Capnodium a bishiyar dangantaka. Sai aka buɗe musu ƙofa, odar ta kumbura. Littafinki ya kama wannan zamanin ne, bai yi ƙarya ba. Amma fa gidan ya zama gidan haya. Ga mai lasar zaƙi a saman ganye, ga mai kutsawa cikin ganyen alkama ya kashe shi, ga mai cin ayaba, ga mai zama a gishiri, ga mai zama a tafin hannun mutum. A 2020 Abdollahzadeh da Crous da abokan aikinsu suka sake awo da sassan DNA huɗu da samfura masu yawa, suka buga a mujallar Studies in Mycology, suka raba tsohuwar odar gida bakwai: Capnodiales a ƙuntataccen ma'anarta, da Cladosporiales, da Mycosphaerellales, da Comminutisporales, da Neophaeothecales, da Phaeothecales, da Racodiales. Ukun farko su za ki riƙa cin karo da su. Sauran huɗun ƙanana ne, ni kaina sai na duba takarda nake tuna su.

Saboda haka ki rubuta sabon tsari, ki ambaci shekarar 2020, sannan ki sa jimla guda da ke cewa tsofaffin rubuce-rubuce sun yi amfani da Capnodiales a faffadar ma'ana. Mai duba aikinki in tsohon hannu ne irina, wannan jimlar ce za ta hana shi jan biro.

Tambayarki ta biyu na bar wa masu aikin hannu, sun fi ni.

Sadik na ɗakin gwaji

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanwata, faranti ya yaudare ki, kuma ba ke ce ta farko ba.

Baƙin kan ganye ba halitta ɗaya ba ce, taro ne. Ƙwarin nan farare suna tsotsar ruwan bishiya, sukarin ya yi musu yawa, sai su fitar da shi ta baya, shi ne darɓa. Darɓar ta ɗiga a saman ganyen da ke ƙasa, shi ya sa kika ga ƙwari a ƙasan ganye, baƙi a sama. Duk wani mai son zaƙi sai ya sauka a wurin: Capnodium, Cladosporium, Aureobasidium, wani lokaci har da Alternaria. Tururuwar da kika gani kuwa kiwon ƙwarin take yi, tana shan darɓa tana korar masu cinsu.

Matsalar ita ce gudu. Cladosporium yana cikin waɗanda ƙwayoyinsu suka fi yawa a iskar da muke shaƙa, kuma a faranti cikin kwana uku zuwa biyar ya bayyana. Capnodium sanyin jiki gare shi. Kafin ya miƙe ƙafa an rufe shi. Abin da ya fito miki a faranti 9 shi ne wanda ya fi sauri, ba lallai wanda ya fi yawa a ganyen ba.

Ga abin da nake yi. Ki samu jan farce irin marar launin nan, ki shafa siriri a kan baƙin, ki bari ya bushe sarai, ki ɗaga shi da ɗan hantsaki. Zai taso da dukkan shimfiɗar yadda take, ba tare da ta wargaje ba. Salatif mai haske ma yana yi, amma yana kawo kumfa. Ki ɗora a gilashi da ɗigon ruwan laktik asid, ki fara da ƙaramin idon madubin awo kafin babba. Ki nemi wasu abubuwa masu kama da kwalba mai dogon wuya, a tsaye, baƙaƙe, wani lokaci da ɗan digon ƙwayoyi a baki. In kin gan su, kin kama Capnodium ko ɗan'uwansa. In kina son ki rene shi shi kaɗai, da bakin allura za ki ɗauko digon nan na bakin kwalbar, kada ki kankaro ganyen gaba ɗaya.

Amma Baba, da izininka, ni wannan canje-canjen suna ya ishe ni. Cutar ganyen alkama na san ta da Septoria tritici, na san ta da Mycosphaerella graminicola, tun 2011 kuma an ce Zymoseptoria tritici. Ta ayaba, baƙar Sigatoka, a da Mycosphaerella fijiensis ce, yanzu Pseudocercospora fijiensis. Akwatunan ajiyarmu na sake musu takarda sau uku. Cuta dai tana nan yadda take, manomi bai ga bambanci ba.

Baba Malam

Sadik, kukanka yana kan hanya, amma ka haɗa abu biyu.

Na farko, da can doka ta yarda naman gwari guda ya ɗauki suna biyu, ɗaya na siffarsa mai jaka, ɗaya na siffarsa marar jaka, domin sau da yawa ba a san abu ɗaya ba ne. Septoria da Mycosphaerella haka suka zauna. Cladosporium ma siffarsa mai jaka an raɗa mata Davidiella a 2003. A babban taron masana tsirrai na Melbon, a Ostireliya, a 2011, aka soke wannan, aka ce kowa suna ɗaya, dokar ta fara aiki sosai daga 1 ga Janairun 2013. Cladosporium ya ci, don ya girmi Davidiella nesa ba kusa ba, tun 1816 Link ya raɗa shi. Wannan gyara ne na lokaci guda, kuma ni na yi murna da shi, ko don ɗalibai.

Na biyu shi ne wanda ba zai ƙare da wuri ba, wato gano cewa kama da wane ba wane ba ne. Ka ɗauki funfunar ganyen tumatir. Shekara da shekaru ana kiranta Cladosporium fulvum. Ashe ba Cladosporium ba ce ko kaɗan, 'yar iyalin Mycosphaerellaceae ce, yanzu Fulvia fulva. Ka ce manomi bai ga bambanci ba. Shi bai gani ba, amma mai nemo masa irin da ke jure cuta ya gani, domin in zai kwatanta yadda take shiga ganye, gara ya kwatanta ta da danginta na gaskiya da ke cin alkama da ayaba, ba da mai yawo a iska yana neman ruɓaɓɓen abu ba.

Abin da ya fi wannan ma, Hauwa'u ki saurara nan, don ya shafi ganyenki. Akwai wata oda, Chaetothyriales. Su ma baƙaƙe ne, wasunsu a kan darɓa suke zaune, jakarsu ma bango biyu gare ta. Luttrell da mu duka mun ɗauka gida ɗaya ne. DNA ta nuna ba ma aji ɗaya suke ba. Suna cikin Eurotiomycetes, wato sun fi kusa da Aspergillus da Penicillium a kan Capnodium da suke kwana ganye ɗaya da shi. Zaman wuri ɗaya ne ya sa suka yi kama: rana mai zafi, bushewa da rana, raɓa da dare, abinci na zuwa yana yankewa. Duk wanda zai rayu a nan sai ya yi baƙi, sai bangon zarensa ya yi kauri da yauƙi don riƙe ruwa. Don haka kada ki rubuta cewa duk baƙar funfunar kan ganye Capnodiales ce. Ki ce yawanci, ki kawo ɗayar.

Anti Bilki

Sannunku da ƙoƙari. Ni a ɗakin gwajin asibiti nake, ban san ganye ba, amma sunayen nan sun biyo mu har can.

Akwai wata rana da aka turo mana wani saurayi da tabo ruwan ƙasa mai duhu a tafin hannu, ba ƙaiƙayi, ba kumburi, sai faɗi yake ƙarawa a hankali. Hankalin mahaifiyarsa ya tashi, don an riga an ambata mata sankarar fata. Muka kankaro saman fatar, muka ɗiga ruwan potash na awo, sai ga zaruruwa ruwan ƙasa masu gaɓoɓi. Hortaea werneckii ce. A matacciyar fatar sama kawai take zama, ba ta shiga jiki, man shafawa ya kore ta. Abin dariyar shi ne ita ma da sunan Cladosporium aka fara saninta, a Barazil, a 1921. Daga baya ta zauna a Capnodiales, yanzu iyalinta, Teratosphaeriaceae, yana Mycosphaerellales. Asalin gidanta ma ba mutum ba ne, ruwan gishiri ne. An same ta da yawa a kududdufan da ake busar da ruwan teku a Sulobeniya, tana girma a ruwan da ya kusa ƙoshi da gishiri. Tafin hannu mai gumi ɗan ƙaramin kududdufin gishiri ne a wurinta.

Sadik, a nan nake rabuwa da kai. A wurinmu suna yana iya zama rai. In Cladosporium na gaskiya ya fito a faranti, galibi daga iska ya faɗo, yawancinsu ba sa iya girma a zafin jikin mutum. Amma akwai wanda a da ake kira Cladosporium bantianum, mai sarƙar ƙwayoyi shi ma, wanda ke yin ƙurji a cikin ƙwaƙwalwa. Yanzu sunansa Cladophialophora bantiana, kuma yana cikin Chaetothyriales ɗin nan da Baba ya ambata. Shi ba a buɗe farantinsa a kan tebur haka kawai. Lokacin da suke suna ɗaya, ka ga ai ma'aikaci zai iya yin sakaci. Ni dai a ci gaba da sake takardun akwati.

Sadik na ɗakin gwaji

Anti, na sauka. Amma takardun ni nake rubutawa, ba ku ba.

Mai Tambaya 44

Ni ba fannina ba ne, karatu nake kawai. Na taɓa jin cewa irin waɗannan baƙaƙen suna cin tururin nukiliya a Cernobil, tashar nukiliyar nan ta Yukiren, kamar yadda ganye ke cin hasken rana. Gaskiya ne? Kuma baƙin nasu mene ne?

Baba Malam

Baƙin melanin ne, ɗan'uwan wanda ke fatarmu, sai dai yawancin waɗannan ta wata hanya daban suke haɗa nasu. A bangon zare yake taruwa, yana tare hasken rana mai ƙuna, yana rage bushewa, yana hana wasu ƙwayoyin narkar da su.

Batun Cernobil, abin da ya tabbata shi ne an samu baƙaƙen naman gwari suna girma a bangon tashar da ta fashe a 1986, cikinsu har da Cladosporium sphaerospermum. A 2007 Dadachova da Casadevall da abokansu suka nuna cewa wasu masu melanin sun fi saurin girma in an haska musu tururin. Daga nan zuwa cewa suna cin sa kamar yadda ganye ke haɗa abinci da rana akwai tafiya, kuma masu yaɗa labari sun riga masu awo isa.

In kana son abin mamaki da ba gardama a kansa, ga Baudoinia compniacensis. A garin Konyak na Faransa, inda ake ajiye giya a ganguna shekara da shekaru, bangaye da rufin gidaje suna yin baƙi kamar gobara ta bi ta kansu. Wani mai haɗa magunguna, Baudoin, ya lura da abin a 1872. Tururin barasar da ke fita daga gangunan ne ke ciyar da ita. Sai a 2007 James Scott da abokan aikinsa suka ba ta jinsi nata, suka sa masa sunan mutumin. Ita ma 'yar Teratosphaeriaceae ce, wato dangin mai tabon hannun da Bilki ta faɗa. Na ga hoton wata alamar hanya kusa da irin wannan rumbu a Kentaki, ta Amurka, ba a iya karanta rubutun.

A Niyu Zilan kuma akwai dazuzzukan da kututturan bishiyoyi suke baƙi tun daga ƙasa har sama, saboda wasu ƙwari da ke maƙale a ɓawo suna zubo darɓa. Can shimfiɗar takan yi kauri kamar soso, ba irin siririyar ta ganyen lemo ba.

Hauwa'u B.

Na dawo da labari. Baba Malam, Yaya Sadik, Anti Bilki, Allah ya saka da alheri.

Na yi dabarar jan farcen. Na farko ya yage don na yi gaggawa, na biyu ya taso lafiya lau. Da ƙaramin ido kawai sai ga su, kwalabe masu dogon wuya a tsaitsaye kamar an dasa, na ƙirga 17 a fili guda. Tsakaninsu zaruruwa ne ruwan ƙasa masu gajerun gaɓoɓi, a shaƙe a kowace gaɓa kamar carbi. Cladosporium yana nan, amma ɗan kaɗan ne, a gefe-gefe. Wato mako uku ina renon baƙo, mai gidan yana kan ganye yana kallona.

Na kuma duba ganyen da na ɓamɓare, na yanka shi siriri. Babu zare ko ɗaya a cikin naman ganyen. Yanzu na gane abin da ya sa yake kore shar. A babin illa zan rubuta cewa tare haske yake yi, ba cin ganyen ba, kuma maganinsa yana wurin ƙwarin da tururuwar da ke gadinsu.

Jakar dai har yanzu ban gan ta ba. Akwai wasu 'yan dunƙulalle guda uku, gajeru, marasa wuya, na danne ɗaya da murfin gilashi, sai ya fashe babu komai a ciki sai ɗan ruwa.

Sadik na ɗakin gwaji

Waɗannan gajerun su ne inda za ki same ta, amma wanda kika fasa bai nuna ba, ko kuma ya riga ya zubar. Ki koma bishiyar ki nemi tsofaffin ganye na can ciki, inda baƙin ya fi kauri har yana tsagewa da kansa, ko ƙananan rassa. Ki sa su a faranti mai murfi da jiƙaƙƙiyar takarda kwana biyu. Wannan karon a ruwa zalla za ki danne, ba a asid ba, don asid yana kashe motsin. In Capnodium ne, ƙwayoyin cikin jakar ruwan ƙasa ne, da bangaye a kwance da a tsaye kamar ginin bulo.

Baba Malam

Kuma ki danna a hankali, da gindin fensir, idonki yana kan madubi tun kafin ki danna. Ki ajiye wayarki a shirye a bakin idon madubin. In ta zabura ki ɗauko mana, ni tun 1979 ban sake kama ta tana yi ba.